Jinin da Na Ba Yaya

Laraba, bayan isha'i, Kontagora

Mun dawo daga Abuja, raina a ɓace. Likita ya ce ba za a dasa wa Yaya Bala ƙodata ba. Lafiyarta ƙalau, wai jinin da na ba shi bara ne ya ɓata komai.

Lokacin da jininsa ya yi ƙasa wajen wankin ƙoda, cewa aka yi mu kawo ɗan'uwa, yadda ake ce wa kowa. Na miƙa hannu har ina murna jinin gida ne zai shige shi, ba na saye ba. Ashe tun ranar garkuwar jikinsa ta shaida ni, ta yi shirin yaƙar duk abin da ya fito daga jikina. Ana dasa ƙodar za ta far mata. Duk masu fararen rigunan nan ba wanda ya tambaye ni ko ni ne zan ba da ƙodar. Tambaya ɗaya tak.

Sai ga Kawu Mamman daga Mashegu, ko ruwa bai sha ba ya ce, "Ɗana, in tsoron wuƙa kake ji ka faɗa, ba sai ka laɓe bayan likita ba." Tashi na yi na bar masa tabarmar.

Ɗazu Yaya ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Auta, kar ka sa a ranka. Jikin ne ya ƙi ka, ba ni ba."

Shi ke da wankin ƙoda gobe, amma shi ke lallashina. Wannan ya fi maganar Kawu ƙona min rai.