Ƙarfen da na hana Tamandani

Lahadi, 2 ga Afrilu
Yau na hana 'yata Tamandani zuwa ɗaga ƙarfe a makaranta. 'Ya mace, shekara goma sha bakwai, damtse kamar na mai dakan dutse. A coci matan zumunta sun yi ta kallon kafaɗarta. Ta ce tun da ta fara, ciwon marar al'adarta ya yi sauƙi. Na ce kowace mace da ciwon ta girma, ni ma da shi na yi noman masara. Haƙuri shi ne adon mace.

Alhamis, 27 ga Afrilu
Ta kwanta yini guda da ciwon mara. Raki ne.

Laraba, 24 ga Mayu
Kwana biyu ba makaranta. Amai, ko nsima, tuwonmu na masara, ba ta taɓa ba. Malama Chirwa, mai koya musu wasanni, ta zo har gida. Wai a cikin ɗalibanta, masu ƙarfin jiki sun fi samun sauƙin ciwon al'ada, in bar yarinyar ta koma ko don jarrabawar fita. Na ce ita da ba ta haifa ba, kada ta koya mini tarbiyya. Bai kamata in... to, na riga na faɗa.

Litinin, 17 ga Yuli
Jarrabawar lissafi. An fito da ita daga ɗakin jarrabawa a duƙe, ko rabi ba ta rubuta ba. Na goyo ta daga bakin titi zuwa gida. Ba nauyi. Yaushe ta zube haka?

Talata, 18 ga Yuli
Nas a asibitin Zomba ta ba da magani. Ta ce motsa jiki kan taimaki wasu, ba duka ba. Na riƙe “ba duka ba” har gida. Bai wanke ni ba.

Juma'a, 4 ga Agusta
Sai baɗi za ta sake zana jarrabawar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zarge ni ba. Da ta yi, da ya fi mini.

Asabar, 19 ga Agusta
Muna tsince wake na ce mata, ba tare da na ɗago ba, na ji 'yan matan Malama Chirwa na haɗuwa ƙarfe huɗu. Ba izini na ba ta ba, labari ne kawai.
Ta dubi hannuwanta. “Amayi, uwata, ai hannuwan sun manta.”
Gobe bayan coci zan sake ba ta labarin.