Ya Fara Me?

Antalya, 9 ga Yuli

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da Yaya Tahsin. Yaya gwiwar Inna? Ni lafiya lau nake. Tsayuwar yini a asibiti ce ke ɗan kumbura min ƙafa, ga zafin da ba mu san irinsa a Kars ba, amma kar Inna ta ji.

Ranar Talata na ga ikon Allah. Akwai wani Baturen Ingila da ya kwana tara a sume, ni nake yi wa matarsa tafinta. Likitarsa, Dakta Nevin, har ta ce in shirya gaya wa matar ta fitar da rai. Sai ga matar a guje tana cewa, "He started!" Na juya da Turkanci na ce, "Wai ya fara."

Dakta ta ce, "Ya fara me, 'yata? Ƙarasa mana!"

Can na tuna ma'anonin "start" a shafin ƙamus: bayan başlamak, wato farawa, da tayar da inji, can ƙasa akwai irkilmek, zabura. Na ce, "Zabura ya yi, Dakta! Ya motsa!" Muka ruga ɗakin, muka tarar idonsa a buɗe yana neman matarsa. Matar ta rungume ni tana kuka.

In Kawu Cevdet zai zo, ku ba shi cukun gida ya kawo min. Ka kuma yi min addu'a, Baba, don yanzu ƙananan kalmomi nake tsoro.

'Yarka,
Sevcan