Suna na Biyar

Litinin, 1 ga Satumba

Takardar gayyata ta iso. Mutum biyar daga cibiyarmu ta koyon sana'a, baje kolin kayan fata a ƙasar waje, kwana takwas, cikin Nuwamba. Darakta ya miƙo mini ita a bakin ofis, ya ce kamar bara, ni zan zaɓa, ni kuma zan sa hannu a wasiƙar da cibiya za ta tsaya musu a ofishin jakadanci. Sau uku na karanta ta a tsaye. Ni da nake koya wa yara kada su nuna zumuɗi a gaban mai saye, ga ni ina rawar jiki a baranda.

Sunan farko ko tunani ban yi ba: Sarkin Tambaya. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da darasin kasuwanci a nan, ban ga hannu irin nasa a takalmi ba. Sai Uwar Biyu mai jakunkuna, da wasu uku.

Laraba, 3 ga Satumba

Na gaya musu. Aji ya kaure da murna. Sarkin Tambaya bai yi tsalle ba, littafi ya ciro. Wai ƙafafun mutanen can sun fi namu faɗi? Wai suna son igiya ko na zurawa? In mai saye ya yi shiru, ya ƙi ke nan ko yana tunani? Sai da Uwar Biyu ta ce masa ya rage wasu ya kai wa matuƙin jirgi.

Irin ranar da nake son aikina ke nan.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ina ta kewaye zancen bara. Bari in rubuta shi in huta.

Biyar suka tafi, huɗu suka dawo. Dogo ya fita daga masauki ranar ƙarshe da 'yar jakarsa, shi ke nan. Ni na zaɓe shi, ni na sa hannu cewa zai dawo. Ni kuma na kai fasfo huɗu ofishin jakadanci don su ga hatimin dawowa. Matar da ke bayan gilashi ta jera su, ta tambayi na biyar, na ce ban sani ba. Ta daɗe tana buga wani abu a kwamfuta. Ba ta ɗago ba.

Dogo yayan Sarkin Tambaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na san da haka ranar Litinin. Na sani sarai.

Litinin, 8 ga Satumba

Mun fara cike fom ɗin bizar kasuwanci a ɗakin kwamfuta. Fanka ɗaya ce ke aiki. A shafi na huɗu akwai tambaya: kana da ɗan'uwa a ƙasar da za ka je? Eh ko a'a.

Sarkin Tambaya ya juyo ya dube ni. Na ce masa abin da nake faɗa wa kowane aji tun da na fara: fom ba a yi masa ƙarya, wanda zai yi ciniki da kai gaskiyarka yake fara saya. Ya danna eh. Aka nemi adireshin ɗan'uwan. Ba shi da shi. Lambar waya kawai, ita ma tana canzawa.

Laraba, 10 ga Satumba

Darakta ya kawo wani mai cike wa mutane fom, wanda ke da shago daura da ofishin jakadancin. Mutum mai daɗin baki, da biro uku a aljihu. Ya baje takardun biyar a tebur kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi. Uwar Biyu, yara ƙanana, miji mai aikin albashi: madalla. Sauran uku duk da aure, ɗaya har da fili: babu laifi. Da ya zo kan na biyar sai ya ture shi gefe da bayan biro.

Shekara ashirin da shida, ba mata, ba gida, iyaye sun rasu, fasfo fari fat ko hatimi ɗaya babu, ga yaya da ya gudu a can. Ya ce ko a'a yaron ya danna kwamfuta za ta kama shi, tunda sunan uba ɗaya ne. Kuma tunda a wasiƙa ɗaya suke, shi zai ja sauran ƙasa.

Na ce ai bai ga takalman yaron ba. Ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, a bayan gilashin nan ba a kallon takalmi."

Na ce wa Darakta in babu sunan yaron, ba zan sa hannu ba. Ya ce in yi tunani, akwai sauran mako biyu.

Juma'a, 12 ga Satumba

Abin da ake nema: shaidar cewa akwai abin da zai dawo da shi gida. Na zauna da Sarkin Tambaya muka lissafa. Shagon da yake haya, mai gidan bai taɓa ba kowa takarda ba, ya ce shi da baki yake harka. Masu sayen takalmansa, duk ta waya. Kakarsa, wadda yake kai wa magani kullum da safe, yake yanke mata farce. Ina za a samo takardar da ke nuna mutum ba zai iya barin kakarsa ba?

Talata, 16 ga Satumba

Gwajin ganawa a aji. Na sa aka jawo tsohon akwatin gilashi da muke jera kaya, na zauna a bayansa na ɗaure fuska, ni ce jami'ar biza. Sun yi dariya har da hawaye. Uwar Biyu ta gaishe ni, ta gaida gidanmu, ta tambayi gajiya, na ce mata minti biyunta sun ƙare.

Da Sarkin Tambaya ya zo, na tambaye shi me zai dawo da shi. Ya ce keken ɗinkinsa da kakarsa. Uwar Biyu ta ce ba su isa ba, ya nemi mata kafin Laraba. Ya ce a'a, ta dai ba shi aron ɗaya cikin 'yan biyun, zai mayar bayan ganawa. Ta ce ya ɗauki mai kukan.

Ni ma na yi dariya. Amma a bayan gilashin nan, na ɗan lokaci, na dube shi ban ga ɗalibina ba. Na ga saurayi siriri da riga mai kyau wanda babu abin da ya ɗaure shi. Na tsorata da idona.

Laraba, 17 ga Satumba

Na rubuta wa ofishin jakadanci wasiƙa, shafi biyu. Na bayyana komai, na ce ƙani ba yaya ba ne. Amsa ta dawo cikin minti ɗaya, irin wadda na'ura ke turawa. Wai ba sa tattauna batun mutum ɗaya-ɗaya.

Asabar, 20 ga Satumba

Na karɓi lambar Dogo a wurin ƙaninsa na kira. Bai ɗauka ba. Da la'asar sai ga saƙon murya, ana jin ƙarar kwanuka da ruwa a bayansa. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum. Ya ce yana wanki a wani gidan abinci, su shida a ɗaki, bai taɓa fata ba tun da ya je. Ya ce in yafe masa. Na tura masa cewa ya dawo ko don ƙaninsa. Ya ce, "Malama, in na dawo me zan tarar?"

Ina da amsa ga kowace tambaya a aji. Wannan na bar ta a buɗe.

Baban yara ya ce na ɗora wa kaina abin da ba ni na haifa ba. Ya ce mutum huɗu masu iyali ba su ci laifin kowa ba. Na tashi na bar masa falon, saboda gaskiya ya faɗa.

Litinin, 22 ga Satumba

Sarkin Tambaya ya kawo samfurin takalmansa. Ƙafa goma sha biyu, kowanne a nannaɗe cikin farar takarda. Ya yi tambarinsa a ƙasan dunduniya, ɗan ƙarami. Wai ya auna ƙafar wani baƙo da ya zo gyaran jaka, don ya gwada faɗin.

Na yaba. Na yaba fiye da kima, har ya dube ni.

Uwar Biyu ta tsaya bayan an tashi. Ba ta ambaci sunansa ba. Ta ce dai mijinta ya ɗauki hutu don ya zauna da yara, ƙanwarta ma za ta zo, kuma shekara uku ke nan tana jiran a ga jakunkunanta a wani wuri da ba bakin titi ba. Ta ce, "Malama, ke dai ki duba." Ta fita da sauri, kunya ta kama ta.

Talata, 23 ga Satumba

Na sa hannu. Suna huɗu.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ban gaya masa ba. Jiya na ce gobe. Yau ya tambaye ni yadda ake cewa "fatar akuya" da harshensu, na duba masa.

Talata, 30 ga Satumba

Takardun ranar ganawa sun fito, sakatariya ta kawo su aji tana kiran suna. Ban san za ta yi haka ba. Huɗu. Ta juya ambulan ta zazzage, babu komai.

Sarkin Tambaya ya jira har aka watse. Ya taya ni goge allo kamar yadda ya saba, ya jera kujerun layinsa. Sannan ya ce, "Malama, su suka cire ni ko ke?"

Na ce ni ce.

"Don kada a hana su Uwar Biyu, ko don ke ma kina ganin ba zan dawo ba?"

Na ce don kada a hana su. Amma ban faɗa nan take ba. Akwai ɗan shiru a tsakani, bai fi numfashi biyu ba. Ya ji shi. Yaron da ke gane ɗinki ya kauce da rabin zare, ina zai kasa jin wannan?

Ya ce ba komai, Allah ya sa a dace. Ya roƙi Uwar Biyu ta tafi da takalman, ko da a gefen teburinta ne.

Laraba, 1 ga Oktoba

Kujerarsa babu kowa. Ajin ya ƙare da wuri, na gama darasi saura minti ashirin. Ashe shi ke cinye lokacin.

Talata, 7 ga Oktoba

Ganawa. Na raka su tun da sassafe, na tsaya a tsallaken titi tare da sauran masu jira, tunda ba a barin mai rakiya ya shiga. An karɓe musu wayoyi a ƙofa. Babu inuwa sai ta wata katanga, mu kusan talatin muna bin ta tana guduwa. Wani dattijo ɗan kasuwa kusa da ni ya ce wannan ne zuwansa na huɗu, injin niƙa yake so ya je ya gani da idonsa kafin ya saya. Ya sa babbar riga, ya riƙe fayil da hannu biyu.

Sun fito ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nesa na gane, yadda suke riƙe da takarda.

Duka huɗun an hana su. Takarda iri ɗaya, layi ɗaya aka ja wa alama: ba ku gamsar da mu cewa za ku dawo ba. Uwar Biyu ta ce takardun haihuwar yaran ko buɗe su ba a yi ba. Jami'in ya tambayi sunan cibiyarmu, ya dubi kwamfuta, shi ke nan. Ta ce ko gaisawa ba ta yi ba, kamar yadda na koya mata.

Muka dawo a mota ɗaya.

Laraba, 8 ga Oktoba

To da na bar sunansa ma haka za a yi. Ashe ba shi ba ne, mu ne. Sa hannuna ne.

Da an hana shi tare da su, da ya tsaya a rana da su, ya dawo a motar nan yana zagin gilashi da su. Abin da na ƙwace masa ke nan. Ba tafiya ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Saƙo daga gare shi: "Na ji labari. Allah ya ba da haƙuri, Malama. A gaida su." Ko alamar tambaya babu.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na je shagonsa. Yana ɗinki, ya miƙe ya ba ni kujera, ya aika a sayo mini ruwa mai sanyi. Ladabi kamar baƙuwa. Na tambayi kakarsa, ya ce da sauƙi. Na ce aji na jiransa, saura wata biyu ya karɓi takardar shaida. Ya ce aiki ya yi masa yawa, in Allah ya so.

Na yi niyyar in ce masa na yarda da shi. Na shirya kalmomin tun a gida. Da na dube shi sai na ji ina tambayar kaina ko gaskiya ne, ni da na ce ba a ƙarya. Na sha ruwan na tashi.

Darakta ya ce baɗi ma za mu nema, sai dai a yi zaɓe da hankali.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ɗaukar sababbin ɗalibai. Mutum ashirin da bakwai suka zo, gurbi goma sha biyar. Zafi sosai, fankar nan ma ta tsaya.

Wata yarinya ta shigo rungume da jaka da ta ɗinka da kanta, ido na ƙyalli, baki bai rufuwa. Na tambaye ta ko tana da aure. A'a. Iyaye fa? Uwa kaɗai. Akwai wani nata a waje? Ta ce yayarta, da murnarta. Na yi ɗan ɗigo da fensir a gefen sunanta. Da na duba da yamma, sunaye tara ke da ɗigon.

Ba wani abu ba ne. Don tsari ne kawai, gara a san mutum tun farko. Ban ce ba zan ɗauke su ba.

Ta ajiye jakar a teburina, ta ce in duba cikinta, wai akwai wata dabara da ta yi wa aljihun. Ina jin na ce ta yi kyau. Ban tuna ko na buɗe ba.