Inda Na'ima Ta Kankare

Zuwa ga Goggo Dije, Sheshe, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar? Babu sabis a dajin nan, shi ya sa na ba Muttaka direbanmu takarda.

Goggo, ina cikin wani hali. Rijiyar man da muka haƙa, na'urar da aka zura a ciki ta ce babu komai, manya sun ce a toshe ta da siminti a tashi. Ni kuwa da aka ciro dutsen daga ƙasa na duba, sai na ga hawa-hawa ne: yashi siriri, laka siririya, yashi, laka, wani ko kaurin farce bai kai ba. Na'urar ba ta ganin abin da bai kai kamu guda ba, sai ta haɗa su duka ta yi musu kuɗin goro. Man yana cikin yashin nan, na tabbata. Na sa hannu a kan a gwada. In aka gwada ba a samu ba, aikina ya ƙare ke nan.

Ki sa ni a addu'a. Ki huta lafiya.

'Yarki, Na'ima.

*

Na'imatu,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai dai har yanzu ba ta shiri da matakala.

Na karanta takardarki. Rabi ban gane ba, rabin da na gane kuwa ba sabon labari ba ne. Kin manta bangon zaurenmu? Kina 'yar mitsitsiya kika sace cokalina kika yi ta kankare shi, wai sai kin ga abin da ke ciki. Kika shigo da jar ƙasa har gira, kina cewa, "Goggo, ashe bangon ba ɗaya ba ne! Ga yaɓen bana, ga na bara, ga wani can ciki mai ciyawa." Babanki, Allah ya ji ƙansa, ya fita ya leƙa, ya ce mai ciyawar nan aikin hannun kakanku ne. Ni kuwa na zane ki, don cokalin ya lanƙwashe.

Duk gidan nan ta zauren muke shiga muke fita, bango kawai muke gani. Wallahi kina burge ni, yarinyar nan. Ban taɓa faɗa miki ba ne don kada kanki ya kumbura.

Ilu magini zai zo ya shafe zauren da siminti kafin damina. Addu'a kuwa ba sai kin roƙa ba. Ki riƙa cin abinci.

Goggonki.

*

Goggo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. An gwada. Da farko ruwan laka ne kawai ya yi ta fitowa. Shugabanmu ya daina kallon inda nake, ni ma na fara tunanin yadda zan haɗa kayana. Can sai ruwan ya soma duhu, wari ya tashi. Goggo, mai ne! Injiniyan da ya fi kowa musu ya zo da kansa ya ce in nuna masa yadda na bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Na ce to, sannan na shige ɗaki na sha kukana.

Ga guntun dutsen nan wurin Muttaka, da sabon cokali. Allah ya ƙara girma.

Na'ima.

*

Na'imatu,

Alhamdu lillahi. Dutse ya iso, ɗakina duk warin kananzir. Cokalin kuma bai kai nawa ba, amma na karɓa.

Ilu ya gama shafe zaure. Tun kafin takardarki ta zo na tsaya a kansa, na ce ya zagaye ramin nan da kika kankare ya bar shi yadda yake. Ya ce, "Hajiya, in mutane suka tambaya me zan ce?" Na ce ya ce musu rijiyarki ta farko ce.

Allah ya yi miki albarka.

Goggonki.