Takardar da Ke Jikin Taga

Grimsby, Lahadi, 4 ga Satumba, 2016

Zuwa ga Jolanta, sanyin idona, hasken safiyata, gishirin rayuwata, wadda ƙasa guda ta yi wa laifi amma ni kaɗai nake kwana da ciwonsa.

Ina aiko miki da gaisuwa mai yawan ruwan da ke tsakanin tekunmu da naku, tare da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mahaifiyarki. Idan tawa lafiyar kike tambaya, gangar jikin dai tana zuwa aiki tana dawowa. Sauran kuwa ya bi ki garinku Ustka tun ranar da kika hau bas, kuma har yau bai aiko da labari ba.

Jola tawa, wata biyu ke nan. Kullum da asuba idan na buɗe ƙofar gidan banda, hayaƙin garin katako ya tarbe ni, kan teburinki idona yake fara sauka. Wuƙarki tana rataye inda kika bar ta, babu wanda ya isa ya taɓa. Nakan fito da kifin daga ɗakin hayaƙi, ya yi launin zinariya kamar gashinki a rana, sai in juya in nuna miki, in tarar babu kowa. Tsuntsayen teku suna ta ihu a kan rufin kamar yadda suka saba, ni kuma sai in ji kamar sunanki suke kira don su tsokane ni. Maigida ya ce zai riƙe miki gurbinki har ƙarshen watan nan, daga nan sai ya ɗauki wani. Shi teburin yake tunani, ni kuwa mai teburin.

Kin tuna ranar da na fara kai ki bakin ruwa a Cleethorpes? Iska tana neman ɗauke mu, muna cin soyayyen kifi da dankali a cikin takarda, hancinki ya yi ja. Na nuna miki ruwan ina taƙama, kika dube shi kika ce, "Wannan ne teku? Ai kamar shayin da aka manta a kofi. Bari wata rana in kai ka ka ga namu." Na ce ni ban taɓa fita ƙasar nan ba, ko fasfo ban taɓa yi ba. Kika yi dariya har dankali ya zube, kika ce, "Shekara arba'in da shida, Cliff? Kifin da kake bandawa ma ya fi ka yawo." Sannan kika cusa hannunki mai sanyi a aljihun rigata, kika bar shi a can. Me ya kai wannan daɗi a duniya? Tun ranar nake tafiya da hannu ɗaya a waje, na bar miki aljihun hagu.

Amma ba don in tuna miki daɗi na ɗauki alƙalami ba. Akwai maganar da ya kamata in faɗa tun watan Yuni, na haɗiye ta, ta tsaya mini a wuya.

Lahadin da ta gabaci zaɓe ce, ranar da na gayyace ki gidanmu karon farko don ki gaida Inna. A lokacin gari ya rabu biyu kan ƙuri'ar nan, ko mu fita daga Tarayyar Turai, wadda ta ba irinku damar zuwa nan aiki, ko mu zauna, kuma kowane gida ya liƙa takardar ɓangarensa a tagar gaba, kamar yadda muka saba duk zaɓe. Tamu ja ce, ta masu fita. Yaya Norman ne ya liƙa ta. Mako uku ina wucewa ta gabanta safe da yamma, har idona ya daina ganinta. Da safen ranar na share tsakar gida, na goge takalmi, na sayo furanni. Komai na gyara saboda ke, ban da tagar.

Na hango ki kina tahowa da rigarki shuɗiya, rungume da kwanon kek ɗin cuku da kika tashi tun da wuri kika gasa. Kyanki ranar ya isa ya tsayar da motoci. Kika zo bakin ƙofa, kika ja kika tsaya, kina karanta takardar. Inna ta buɗe ƙofa, ta bi idonki da kallo, ta kama hannunki ta ce, "Ayya 'yar nan, kada ki sa wannan a ranki. Ba ke muke nufi ba, ke ai tamu ce. Waɗancan muke nufi."

Kika ce a hankali, "Waɗanne, Inna?"

Inna ta ja ki ciki. Muka zauna kan gasasshen nama da dankali, Yaya Norman ya buɗe baki. "Mako uku na yi ina jiran ganin likita. Ni ba ƙin kowa nake ba, kin gane, amma garin nan ya cika ya batse. Gida idan ya cika ai rufe ƙofa ake yi." Kika ajiye cokali kika ce, "Yaya Norman, wadda ta wanke maka ciwon ƙafarka a asibitin, makarantarmu ɗaya da ita." Ya yi dariya ya ce, "To kun ji ta, da bakinta. Cliff, ka shirya shan wuya."

A nan ne kika dube ni. Ba faɗa kike so in yi ba, na sani. Kalma ɗaya kike jira, wadda za ta nuna akwai wani a teburin nan da yake gefenki. Ni kuma, ɗan gidan Ingilishi na asali, me na yi? Na miƙe na ce, "Bari in ɗora butar shayi." Na tsaya a kicin ina kallon ruwa yana tafasa, ina jera kofuna, ina gaya wa kaina ai ladabi nake yi. Haka aka rene mu: idan magana ta yi zafi a kawo shayi, idan an yi mutuwa a kawo shayi. Kin sha tsokanata cewa mu ko gida na ci da wuta sai mun ɗora buta. Ranar ba ki tsokane ni ba. Kin sha shayinki, kin yi godiya, kin tafi kin bar kwanonki.

Ga sauran maganar, kuma ita ce mai nauyin. Ranar Alhamis na shiga zauren cocin da ake jefa ƙuri'a, na ɗauki fensirin nan da ake ɗaurewa da igiya, na yi alama a akwatin masu fita. Kin tambaye ni sau biyu, na kauce. Yau na faɗa.

Ba ke na gani a takardar zaɓen ba, Baba na gani, Allah ya jiƙansa. Shekara ashirin da biyu yana kan jirgin kamun kifi, sannan aka ɗaure jiragen aka sallame su, ya ƙare kwanakinsa yana kallon tashar da babu kowa. Ya mutu yana cewa Turai ce ta cinye jirginsa. Ko gaskiyarsa ce ko ba ita ba ce, ban taɓa bincikawa ba, ubana ne. Na yi zaton ƙuri'ata ta mamaci ce, ba ta shafi mai rai ba. Har yanzu ban san ko ƙasar ta yi daidai ba. Masu ilimi suna ta musu a rediyo, kowa da lissafinsa. Abin da na sani shi ne na shiga wurin nan da Baba a zuciyata, na bar ki a bakin ƙofa.

Washegarin zaɓen, da aka ce masu fita sun ci, kika iso aiki fuskarki fara fat. Wani mutum a bas, wanda shekara tara kuna gaisawa, ya tambaye ki yaushe za ku tattara ku tafi. Kika ɗaure gashinki, kika wasa wuƙarki, kika ce mini ba tare da kin ɗago ba, "Cliff, mutum bakwai cikin goma na garin nan sun ce a fita. Ina ta kallon fuskoki ina tambayar kaina, su wane ne ukun? Kai fa?" Da akwai buta kusa, wallahi da na sake ɗora ta. Bayan mako biyu kika ɗauki hutu kika tafi, kuma tikitin tafiya kawai kika saya.

Ya ke ruwan sanyina a ranar ƙishi, inuwata, tauraruwar asubata! Yaya mutum zai riƙe rana a aljihunsa ya bar ta ta zame saboda kunyar ɗaga murya a gaban tebur? Shekara tara kin ba garin nan hannuwanki har gishiri ya tsattsaga su. Kin raka maƙwabciyarki asibiti, kin koyi yarenmu har da zaginmu, kin koyi cewa yau akwai sanyi ga wanda ya riga ya sani. Abu ɗaya kika nema a madadin haka, wani ya ce zauna, nan gidanki ne. Mai faɗar kuma yana kicin yana neman sukari.

Bari in gaya miki abin da ya biyo baya. Ranar da kika tafi na cire takardar. Rana ta riga ta gasa salatif ɗin, ya bar tabo huɗu a gilashin, na kankare har da reza amma idan haske ya bugo ana ganinsu. Yaya Norman ya zo ya ce, "Kai kuma lafiya? Ai mun ci zaɓe." Na ce masa, "Yaya, zauna, yau za ka ji muryata." Na yi magana kusan awa guda, abin da ban taɓa yi ba tun haihuwata. Na ce masa ƙuri'arsa tasa ce, ba zan raba shi da ita ba, amma wadda ya yi wa maganar rufe ƙofa ita nake so in aura. Ya sosa ƙeya, ya ce, "To ai ba ka faɗa ba." Gaskiyarsa, ban faɗa ba. Ke ma a wannan takarda kika fara ji.

Inna kuwa ta wanke kwanonki ta ajiye a kan kabad, kullum sai ta goge shi. Rannan na same ta zaune tana kallonsa, ta ce, "Yarinyar nan ta tambaye ni waɗanne, har yau ina neman amsa. Duk wanda na tuno sai in ga na san sunansa." Ba ta ce ta yi nadamar ƙuri'arta ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ta ce ba. Abin da ta ce shi ne ba a mayar da kwano babu komai a ciki, don haka za ta gasa miki kek ɗin tuffa.

Jola, na yi fasfo. Na shiga akwatin ɗaukar hoto a gidan waya, na fito kamar wanda 'yan sanda suke nema. Jiya ya iso. A bangonsa an rubuta sunan Tarayyar da na zaɓi mu fita, kuma an ce mini a yanzu dai da shi zan iya shiga ƙasarku in zauna in yi aiki, babu mai tambayata dalili. Ƙofar da na sa hannu a rufe, ita ce zan bi in zo gare ki. Na daɗe ina juya shi a hannuna, kunya ta ishe ni.

Madam Bozena mai shagon da kike sayen burodi tana koya mini yarenku. Jimla uku na riƙe zuwa yanzu, ta ce lafazina kamar akuya tana tari, amma za a gane. Ta farko gaisuwa ce ga mahaifiyarki. Ta biyu neman gafara. Ta uku ba zan rubuta ba, a bakina za ki ji ta.

Ba zan ce ki dawo ba, don babu wanda ya san yadda za a yi da ku idan fitar ta tabbata, kuma ban isa in yi miki alkawari da sunan ƙasa ba. Da sunan kaina kaɗai zan yi. Idan nan kike so, mu dawo tare kafin wata ya ƙare, kuma duk mai magana a bas ko a tebur, ni zai fara samu. Idan can kike so, an ce ku ma kuna banda kifi a bakin tekunku, hannuna ya san aikin. Sai in zama baƙon da ba ya jin yare, wanda ake kallo a shago. Ya kamata in ɗanɗana.

Ranar Asabar, sha bakwai ga wata, zan sauka daga jirgin ƙasa a Ustka da rana, rungume da kwanonki. Zan zo gidanku in tsaya a bakin ƙofa kamar yadda kika tsaya a tamu, in dubi tagar gaba. Idan ba kya son ganina, ki liƙa takarda a jikinta, ko fara ce babu rubutu. Zan gane, in ajiye kwanon a kan matakala in juya, kuma ba zan ga laifinki ba. Idan kuwa na tarar da gilashin babu komai, zan ƙwanƙwasa. In an ba ni shayi zan karɓa, amma sai ya huce a gabana, don ba zan taɓa shi ba sai na gama faɗin duk abin da ke raina.

Ko da takarda ko babu, aljihun hagu naki ne har ranar da za a rufe ni.

Naki jiya da yau, kuma naki a kowace ƙasa kika zaɓa,

Clifford