Ganyen Gwandar Daji da Kike Shanya Mini

Inna,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai miki wannan takarda, ko kina raye ma ba kya karanta boko. Amma a nan ne kaɗai zan iya yi miki magana ba tare da kin kau da kai ba.

Garinmu Jiwa tana nan, sai dai Abuja ta kusa haɗiye ta. Gonar da kike tsinko ganye an kafa mata duwatsun awo, gidaje za a gina. Baba yana zuwa shagonsa na Utako, ya sayi wayar salula, ihu yake yi a cikinta kamar mai kiran wani daga bayan gari. Da kin yi dariya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Kin tuna shekarata ta biyu a ɗakin gwaji? Ke kike tsinko mini ganyen gwandar daji, ki shanya a inuwa, ki ba ƙanwata Bilki ta kawo mini. Ni 'yar fari ce, ba kya miƙa mini abu hannu da hannu, sunana ma sai dai "waccan". Muka tatsi ruwan ganyen, muka ɗiga a kan ƙwayoyin sankarar mama da muke reno a ɗan faranti, da yawansu suka mutu. Na dawo gida ina rawar jiki, na tsaya a tsakar gida ina ba Baba labari. Da gangan na ɗaga murya, Inna, don ki ji daga madafi. So nake ki yi alfahari da ni.

Ban ƙarasa maganar ba. Ban ce faranti daban, jikin mutum daban ba. Ban ce abubuwa da yawa suna kashe ƙwayoyin nan a faranti amma ba sa taɓa zama magani ba. Na san haka sarai, na bar shi don kada ya rage wa labarina daɗi.

Da kika ji ƙullutu a ƙirjinki, wa za ki nuna wa? Ni? Ke da ba kya ko cin abinci a gabana? Wata tara kina dafa ganyen nan kina sha. Ina wuce tukunyar kullum da safe, ina ɗauka maganin shawara ne. Sai da Bilki ta ga jini a rigarki wajen wanki. Da likita ya tambayi abin da ya sa kika makara, kika ce 'yarki mai ilimi ce, ta gwada ganyen yana kashe ciwon. Ina tsaye a bayanki. Ranar kika fara yabona a gaban mutane, kuma ranar na so ƙasa ta tsage in shige.

Ban bar aikin ba. Wataƙila akwai wani abu a ganyen, Allah ne masani. Amma duk matar da ta tambaye ni, sai ta ji maganar har ƙarshe, sannan in raka ta asibiti. Bilki ma ta ji ƙullutu bayan Sallah, ta buɗe ta nuna mini. An cire da wuri, tana samun sauƙi.

Na haihu, Inna, mace, an sa mata sunanki, har ta fara fita wasa. 'Yar fari ce kuma mai sunan mahaifiyata, kunya biyu ke nan. Maƙwabta suna cewa boko ya cire mini kunya, don ina tsayawa a ƙofar gida in ƙwala mata kira: Hauwa! Duk sanda na kira, sai in ji kamar ke za ki amsa.

Ki yafe mini. Allah ya sa kin huta, ya haskaka makwancinki.

'Yarki ta fari,
Zainabu. Sunana ke nan, Inna.