Yawun Yayata Aka Ɗauka a Madadin Nawa

Tanti Zakiyya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na yi wani abu da ban sani ba ko laifi ne ko wauta, kuma wata uku ke nan yana cina a rai.

Ni 'yar Matameye ce, 'ya'yana biyu, ga cikin na uku wata huɗu. Babban namiji ne, shekararsa shida. Ba zan rubuta sunansa ba, kin san ɗan fari ne, ko a takarda hannuna ba zai iya ba. Tun da aka yaye shi yake hannun yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira ta Yaya Baiwa. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu.

Yaron nan har yau kalmominsa ba su wuce biyar ba, ɗaya daga ciki Inna ce, kuma Yaya yake kira da ita. Yakan wuni yana jera murafen kwalba a bakin rariya, in an taɓa ɗaya sai kuka. In injin niƙa ya tashi a unguwa, toshe kunnuwa yake yi. Bara kuma ya fara wata irin ɗaukewa, ido a buɗe amma ba ya nan, har sau biyu ya faɗi yana jijjiga. An ce iska ce, mun sha rubutu da hayaƙi, daga baya muka shiga mota muka tafi asibiti a Damagaram.

A can ne na ga abin mamaki. Suka liƙa masa wayoyi a kai da wani farin abu kamar ƙullu, sai ga layuka suna hawa da sauka a fuskar na'ura. Likita ya ce wutar da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ce ake gani. Ni ban taɓa sanin akwai wuta a kan mutum ba. Aka ba shi maganin farfaɗiya, alhamdu lillahi faɗuwar ta tsaya. Sannan aka shigar da mu wurin wata likita da ta ce bincike suke yi a kan yara irinsa, suna son gano ko abin daga ƙwayoyin gado yake. In mun yarda, za a ɗauki yawun yaro da na uwa da na uba. Maigida ya yarda.

To, a ɗakin nan akwai uwar mijina zaune. Likitar ta ɗago kai ta tambayi wace ce uwar yaro. Tanti, a gaban surukata zan buɗe baki in ce nawa ne? Na ja mayafi na sunkuyar da kai. Yaya ta ce ita ce, kamar yadda take faɗa a ko'ina shekara huɗu ke nan. Maigida ya tsura wa rufin ɗaki ido, shi ma kunyar ce, sai dai shi ba shi da wanda zai tofa yawu a madadinsa, dole ya ba da nasa. Yaya ta tofa yawunta a 'yar kwalba, aka liƙa takarda. Yanzu dai a rubuce, mijina da yayata ne suka haifi yaro.

A mota har dariya muka yi. Na ce ai jini ɗaya ne, nono ɗaya muka sha. Amma da na gane ina da ciki sai dariyar ta ƙare, don likitar ta ce sakamakon yana iya nuna ko abin zai sake zuwa ga na gaba. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, a ranar na ji sanyi a raina da ba nawa aka ɗauka ba. Maigida ɗan baffana ne, amma uwarsa kullum cewa take yi daga wajen dangin mahaifiyata abin ya fito. Ina tsoron na'ura ta nuna ni. Ina kuma tsoron in koma in ce ni ce uwarsa, Yaya ta ji kamar na ƙwace mata shi bayan duk wahalar da ta sha.

Shin yawun yaya da ƙanwa ba ɗaya ba ne? Na'urar za ta gane? Sannan wata tambaya, kar ki yi mini dariya. Layukan nan da ke hawa da sauka, akwai inda suke nuna ko ya san ni ce na haife shi?

Taki, Maƙwabciyar Ɗanta, Matameye.

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ban yi miki dariya ba, sai a wurin maigidanki da rufin ɗaki. Ni ba likita ba ce, don haka na ɗauki tambayoyinki na kai wa wata likitar yara, ga abin da na fahimta.

Yawunki da na yayarki ba ɗaya ba ne. Kowane mutum yana karɓar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba, amma rabin da kika samu ba shi ne daidai wanda ta samu ba. Kusan rabi kawai kuka haɗa. Aikin masu binciken kuwa shi ne su jera na yaro kusa da na waɗanda suka haife shi, su ga me ya ɗauko a nan, me ya ɗauko a can, me kuma ya ɓullo sabo a jikinsa shi kaɗai. In aka sa na yayarki a gurbin naki, ko dai su gane bai dace ba aikin ya tsaya, ko a ba ku amsar da ba taku ba. Kina ɗauke da ciki, amsar da ba taku ba ita ce mafi haɗari.

Batun na'ura ta nuna ki, ki kwantar da hankali. Wani lokaci sauyin sabo ne, babu shi a uwa, babu shi a uba. Wani lokaci sai an haɗa daga ɓangarori biyu yake fitowa, kuma an fi ganin haka a auren zumunci, to kin ga nan ba a ware mutum ɗaya. Sau da yawa ma ba a gano komai, don ilimin bai kai ƙarshe ba. A duk cikinsu babu mai laifi, ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. Kina da ikon cewa ke da maigidanki kaɗai za a gaya wa sakamako, surukarki ta huta a gida wannan karon.

Layukan kuwa motsin ƙwaƙwalwa kawai suke nunawa, inda yake tafiya daidai da inda yake rikicewa. Ba sa karanta tunani. In kina son sanin abin da ke ransa, ki tsallaka katangar nan ki zauna kusa da murafensa, kar ki taɓa ko ɗaya.

Kunyarki ba wauta ba ce, tarbiyya ce, kuma likitar ma, da a ce ta san al'adarmu, da ta tambayi wace ce ta haife shi. Amma gyaran a hannunki yake. Kar ki je a ɓoye. Ki fara da Yaya Baiwa, ki gaya mata kina da ciki, ki gaya mata abin da yawun zai nuna. Macen da ta yi shekara huɗu tana rainonsa, har da tare masa faɗuwa, ba za ta so a rubuta masa amsar ƙarya ba. Ku kira lambar asibitin da ke kan takardar da suka ba ku a wannan mako, ku tafi tare, ki kuma faɗa musu batun cikin. Maganinsa kar a tsayar ko na kwana ɗaya sai da izinin likita.

Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar wace ce ita a wurina ba. Ba a ce ki kira sunansa ba. In an tambayi sunan yaro, ki bar Innarsa ta faɗa. In an tambayi wadda ta haife shi, ki ja mayafinki yadda kike so, amma ki ce ni ce, sau ɗaya tak, a ɗakin da aka rufe ƙofa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sauke ki lafiya, ya saka wa Yaya Baiwa da alheri.

Tanti Zakiyya